Inda Muryar Ɗayyabu Ta Sauka

Ranar Alhamis da hantsi aka gane an sace muryar Ɗayyabu. Shi mai muryar, a ranar kwanansa arba'in da shida a kabari.

Ɗayyabu ɗan farin Malam Isyaku ne, maƙwabcinmu a nan Shahuci, kuma fataucin huluna yake yi tsakanin Kano da Njamena. A hanyar dawowa mota ta kife da su, wayarsa ko murfinta ba a tsinta ba. Shi kuwa mutum ne da bai saba tura saƙon murya ba. In yana da magana kira yake yi, a gaisa, ya kashe. Saboda haka da aka share makoki, matarsa Nafisa ta bi wayarta lungu-lungu, ba ta sami ko gyaran muryarsa ba. Hotuna kam ga su nan birjik, amma ba su take nema ba.

Sai Allah ya kawo Mustafa, abokin cinikinsa na Njamena. Ashe a zuwan Ɗayyabu na ƙarshe Mustafa ya naɗi hirarsu a shago, minti goma sha tara, don kada ya manta sunayen zanen hulunan da ake lissafa masa. Ya ɗora a wani shafi, ya turo wa Nafisa linki, ya ce ta yi maza ta sauke domin bayan mako guda linkin mutuwa yake yi. Ta danna, burauzar wayarta ta sauke, ta saurara. Tun daga ranar, kullum in ta idar da walha sai ta ɗora 'yarsu Ikram, mai shekara biyu, a cinya ta kunna musu. Cewa ta yi so take yarinyar ta tashi da sanin yadda ubanta ke dariya.

To, ranar Alhamis ɗin nan ta danna, waya ta ce babu fayil. Sunansa yana nan a jerin abubuwan da aka sauke, amma ya dushe, an ja masa layi. Ta kira Mustafa. Ya yi salati, ya ce ai tasa wayar mako biyu ke nan da aka zare masa ita a kasuwa, linki kuwa ya daɗe da mutuwa. Kukan da Nafisa ta yi ranar, mu da ke bayan katanga mun ɗauka wani rashin aka sake yi.

Kafin azahar unguwa ta gama shari'a, don mu mutanen Shahuci ba ma jiran alƙali. Mafi yawa suka ce Asibi ce, ƙanwar marigayin, wadda ta dawo gidan da zama don taya Nafisa takaba. An ji ta da kunne tana cewa, "Wallahi wata rana sai na goge abin nan, ya hana ki ci ya hana ki sha." Sauran suka ce Mikail ne mai caji, wanda rumfarsa ke jingine da zauren gidan. Mai takaba ba ta ƙetare zaure, wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa, don haka kullum wayar sai ta bi ta hannun Asibi ta wuni a hannun Mikail. Malam Isyaku dai abu ɗaya ya ce: "A yi haƙuri. Wanda ya tafi addu'a yake bukata."

Kwana uku Nafisa ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa, kuma ta daina amsa gaisuwar Asibi. Da na ga abin zai raba gida, ranar Lahadi na aika aka kira Zinariya.

*

Malama Zinariya kwamfuta take koyarwa a wata makarantar 'yan mata, amma ba don wannan aka san ta ba. Mahaifinta mai bin sawu ne a Ƙofar Dawanau. A zamaninsa in an kwance wa fatake jaki ko an kore wa mahauci sa, shi ake ɗaukowa ya duƙa ya karanta ƙasa. Ita ta gaji idon, sai dai nata dajin cikin waya yake. Gajera ce, mai tabarau, ga tafiya a hankali har ka ƙosa da ita. Ni na raka ta, tunda ni na jawo ta, kuma ban ɓoye muku ba, ina son jin ƙwaƙwaf.

Muka tarar da Nafisa a kan tabarma, idanu sun kumbura. Zinariya ta yi mata ta'aziyya, ta karɓi wayar, ta leƙa foldar da ake tara abin da aka sauke, ta leƙa kwandon shara. Babu.

"Yaushe kika ji shi na ƙarshe?"

"Laraba da hantsi, Malama. Daga nan Yaya Asibi ta kai caji."

"Wa ya san lambar buɗe wayar?"

"Ni da ita." Nafisa ta share hawaye da gefen hijabi. "Akwai inda yake cewa Mustafa ya rage wa shayi sukari, sai ya tuntsire da dariya. Jiya na yi ta ƙoƙarin tuno yadda dariyar take farawa, na kasa. Kwana uku kacal, Malama, har ta fara guje mini. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa. In babu muryar nan me zan nuna wa Ikram?"

Zinariya ba ta yi mata alkawarin komai ba. Ta ajiye wayar ta miƙe.

*

Asibi tana kicin tana tsince shinkafa, tana yi kamar da tsakuwar take faɗa.

"An turo ki ki kama ɓarauniya ko? To ga ni."

"Kin ce za ki goge?"

"Na faɗa. Baki shi ke yanka wuya, ga shi nawa ya yanka." Ta ture farantin gefe. "Yarinyar nan ramewa take yi a gabana, in yi shiru? Amma faɗa daban, aikatawa daban."

"Kin taɓa buɗe wayar ba da saninta ba?"

Asibi ta leƙa tsakar gida. Na gyara tsayuwa, na ce a raina yau ga mai kaza a aljihu.

"Ranar Talata," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Tana wanka, na shigo da ita nan na rufe ƙofa. Na kunna na ji. Sau biyu. Ita mijinta ne, an yarda ta yi kuka. Ni kuwa an ce ni ce mai ba da haƙuri. Yayana ne fa, Malama, shi yake goya ni zuwa makarantar allo in ƙafata ta yi kaushi ta tsage. In goge shi in saurari wa?"

Sai ga ta tana kuka a kan shinkafar mutane. Kunya ta kama ni, domin ina cikin waɗanda suka fara ambaton sunanta.

*

Mikail muka tarar yana korar ƙuda a rumfa. Allon soket ɗinsa mai cin waya arba'in, guda shida ne a jiki. Tun ranar Alhamis mutane suka ɗauke ƙafa.

"Malama, ki dubi Allah ki wanke ni," ya ce tun kafin a gaisa. "Shekarata bakwai a nan, ko layin waya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Wayar nan a kulle take zuwa, a kulle take komawa. In na san lambarta Allah ya hana ni abin da nake nema."

"Wani ya karɓe ta daga hannunka ranar Laraba?"

"Babu. Tana nan a lamba goma sha ɗaya har la'asar. Ki tambayi Malam, ga zaurensa ga ni, wuni yake yana kallona."

Muka shiga zauren za mu koma cikin gida. Malam Isyaku na zaune a kan buzu, ya manna 'yar rediyonsa a kunne. Yana ganinmu ya kashe ta, ya tura ƙarƙashin malum-malum, sannan ya amsa gaisuwarmu a gajarce.

Da muka shige soro na biyu na ce, "Bawan Allah, abin ya taɓa shi. Kin san kunnensa ya yi nauyi, in ya kunna karatu duk layin nan sai mun ji. Tun tafiyar Ɗayyabu ba mu ƙara jin ƙira'a daga zauren nan ba, sai ranar Laraba da yamma ta dawo. Alhamis ma haka, har na ce alhamdulillahi. Daga Juma'a kuma ɗif."

Zinariya ta tsaya cak. "Hajiya, Laraba kika ce?"

"Laraba mana. Ina cikin tankaɗe na ji Baƙara."

Ta ce, "Ashe surutunki ma yana da rana." Ban ji daɗin maganar ba, amma na bi ta.

*

Da muka koma wurin Nafisa, wannan karon Zinariya zama ta yi sosai. Ta buɗe burauzar, ta shiga jerin abubuwan da aka sauke, ta dinga ja ƙasa a hankali.

"Babana yakan ce, in dabba ta ɓata kada ka fara tambayar ina ta tafi, fara tambayar ina aka ɗaure ta. Ɗazu na yi gaggawa, sunan fayil ɗaya kawai na duba. Nafisa, kalli nan. Ba muryar kaɗai aka ja wa layi ba. Ga hoton ɗinkin rigar yara, ga takardar addu'o'in safe da yamma, duk sun dushe. Wanda ke jin haushin murya me ya haɗa shi da ɗinkin riga?"

Ta ci gaba da ja. Sai ga sunayen surori a jere, Nasi, Falaƙi, Ikhlasi, har zuwa Fatiha, ɗari da goma sha huɗu, duk an ja musu layi, duk rana ɗaya aka sauke su. Daga ƙasansu kuwa komai lafiya lau yake buɗewa.

"Wace rana ce wannan?"

Nafisa ta duba, ta dafe ƙirji. "Jajibirin tafiyarsa. Ya ari wayata ya wuni da ita a zaure. Ya ce karatun rediyon Baba ya lalace, zai zuba masa sabo, tasa wayar kuma ba ta cin memori."

Zinariya ta taɓa ɗigo ukun nan na saman burauza, ta shiga saiti, ta shiga sashen saukewa, ta juyo mana da fuskar wayar. A gaban inda aka rubuta wurin ajiya, memori aka zaɓa.

"Burauza ɗan dako ce," in ji ta. "Inda aka ce ta sauke kaya, nan za ta yi ta saukewa har ranar da aka canja mata, a waya ne ko a kwamfuta. Da can cikin wayar take ajiyewa. Maigidanki ya sa memorin Baba, ya ce mata ta riƙa zubawa a can. Surorin ba su gama sauka da wuri ba, ga shirin tafiya, sai ya bar memorin a ciki bai mayar da saitin ba. Duk abin da kika sauke daga ranar, har muryarsa, ba a wayarki ya zauna ba."

"Ni ban ma san akwai memori a ciki ba."

Zinariya ta cire ɗan kunnenta, ta zura tsinkensa a 'yar ƙofar gefen wayar. Tiren ya fito. Layi na nan, gurbin memori wayam.

"Ba a goge ba ke nan?" Nafisa ta kama hannunta. "Malama, yana nan?"

"Ban ce ba tukuna. A tara mini mutanen gidan bayan la'asar."

*

A soron ciki aka zauna. Malam Isyaku a kan kujera 'yar tsugunno, Mikail a tsugune bakin ƙofa, Asibi ta jingina da bango ta harɗe hannu. Nafisa tana daga bayan labulen da ya raba soro da tsakar gida, ƙafafunta kawai muke gani. Ni kuma na sami lungu na lafe, ba wanda ya gayyace ni, ba kuma wanda ya kore ni.

Zinariya ta yi bayanin saiti da memori kamar yadda ta yi mana, sannan ta ce, "Saboda haka babu wanda ya goge komai. Asibi, an ɗauki alhakinki." Asibi ta ɗaga kai sama tana ƙifta ido.

"Mikail, ka ce ba ka buɗe wayar ba, na kuma yarda. Gefenta fa?"

"Gefenta?" Ya sosa ƙeya. "Au, memori? Ai wannan ba na wayar ba ne, na Malam ne. Shi ya ce in ciro masa ranar Laraba, na karatu ne. Me ya haɗa shi da..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi Malam, ya sunkuyar da kai.

Malam Isyaku ya ajiye carbinsa. Dattijo ne da ya haura saba'in. Ya zaro rediyon ya ɗora a gwiwa.

"Ran wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Yaron nan da zai tafi ya ce mini memorin yana cikin wayar iyalinsa, in ya dawo zai sa mini. Bai dawo ba. Na ji nauyin in aika wa mai takaba tambayar abin rediyo, shi ya sa na yi ta bari, sai ranar Laraba da wayar ta fito caji na yi wa Mikail magana. Wallahi ranar Alhamis da ake kuka ban san abin yana wurina ba. Sai ranar Juma'a, ina neman Kahfi, na danna baya maimakon gaba. Sai na ji yaron nan yana magana."

Asibi ta ce, "Baba! Tun Juma'a? Ana nuna ni da baki a unguwa kana ji?"

"Ina ji. Na zalunce ki, na zalunci Mikail, na fi zaluntar baiwar Allah da ke bayan labule. Kullum sai in ce gobe zan mayar." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ɗan fari ne. Shekara talatin da takwas ban kira sunansa ba, ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ban taɓa zama na yi hira da shi kamar yadda yake yi da wannan Mustafan ba. Haka muka tarar, haka muka yi. Ranar jana'iza mutane suna yaba dauriyata. To da wane baki zan ce wa surukata ta ba ni aron muryarsa? Ni da nake cewa a yi haƙuri?"



"Akwai wani wuri wajen ƙarshe," ya ci gaba. "Mustafa ya ce ya ƙara kwana biyu. Shi kuma ya ce a'a, tsohona ba zai ce komai ba, amma na san yana zaure yana ƙirga kwanaki. Ashe ya sani. Ni ban san ya sani ba."

Daga bayan labule muka ji shessheƙa. Sannan Nafisa ta yi magana, karo na farko da na ji ta ɗaga murya a gaban surukinta.

"Baba, ku yafe mini. Kullum in na zo wurin nan sai in ce ya kamata ku ji. Kunya ta hana ni aiko muku."

Malam ya zare memorin da farce, ya miƙa wa Asibi. "Ba ta kayanta."

Nafisa ta ce, "A'a Baba, naku ne. Shi ya zuba muku da hannunsa."

Zinariya ta ce, "Ku daina tura wa juna, abin nan ba goro ba ne da in an ba wani wani ya rasa." Ta zaro kwamfutarta daga jaka, ta zura memorin, ta kwafe fayil ɗin. Ta zuba ɗaya a cikin wayar Nafisa, ta tura ɗaya wayar Asibi, ta bar ɗaya a wurinta don ko ta-kwana. Sannan ta koma saitin burauzar ta mayar da wurin ajiya cikin waya, ta kunna inda zai riƙa tambaya kafin ya ajiye komai. Ta ɗaga gefen labule ta nuna wa Nafisa yadda ake yi, ta sa ta maimaita da yatsanta. Duk wannan bai kai minti goma ba, abin da ya hana gida barci kwana uku.

Ta mayar wa Malam memorinsa a rediyo, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, amma bai kunna ba. Ya yi ta juya ta, kamar mai jin nauyin tambaya.

"'Yata," ya ce daga ƙarshe, "sau nawa ya rage?"

"Na me, Baba?"

"Na ji. Ina da kaset ɗin wani malaminmu, saboda yawan sawa muryar ta dinga shaƙewa har zaren ya tsinke. Shi ya sa tun Juma'a sau ɗaya nake kunnawa a wuni, kuma a hankali, kada in cinye wa yarinyar nan rabonta."

Zinariya ta cire tabarau ta goge idonta.

"Wannan ba ya cinyewa, Baba. Ko sau dubu za ku ji a wuni, yadda yake haka zai zauna."

Malam Isyaku ya dube ta, ya ga da gaske take. Sai ya miƙe da kansa, ya taka har bakin labule, ya ajiye rediyon a ƙasa tsakaninsa da surukarsa. Ya murɗa muryar har ƙarshe, ya danna.

Ɗayyabu ya yi sallama. Duk muka amsa.